Injin Malam Habu Ya Je Mamfe Ya Dawo

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A shago a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har a wajen zaman makoki wani ya matso ya raɗa mini wai da gaske ne a can mata ke ɗaukar katako a ka. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara tsawo a bakin waɗanda ba su je ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Sana'ata an san ta, injin ban ruwa nake sayarwa a Kura da kayan gyaransa. Da tiyo na fara, ina yawo da shi a keke ƙauye ƙauye, har Allah ya sa na kama shago. Abin da ya riƙe ni kuwa guda ɗaya ne: manomi ya zo daga Kadawa ko Bunkure ya ɗauki inji a wajena ya ɗaure a babur, bai ce a tayar ya ji ba. Ba ni da jarin da ya fi wannan.

Ina da wani aboki, Tanimu, Bazazzage ne, fataucin goro ya kai shi Mamfe can Kamaru ya zauna. Shi ya aiko mini da injin yankan itace a motar goro, na hannu ne amma ya rantse lafiyayye ne. A lokacin irinsa bai yawaita a wajenmu ba, gatari ake yi wa itace. Malam Habu, wani Bafulatani da ya daɗe da zama a bayan Bunkure yana noma yana saran bishiyar turare yana sayar da sanduna, ya gani ya ƙyasa. Bijiminsa ya kai kasuwa ya zo ya ɗauka.

Ba a jima ba sai ga shi da buhu a kafaɗa. Ya ajiye a kan teburina a hankali, ya ce, "Alhaji, ga abinka. Ya daina magana."

Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce in mayar masa da abin da ya biya, ya girgiza kai ya ce shi inji ya saya, kuma a wajen Alhaji ya saya. Na kai wa makanikai cikin Kano. Suka buɗe, suka leƙa, babbansu ya ce, "Gawa aka yi wa fenti aka aiko maka." Maganar ta riga ni dawowa Kura. Ga damina tana ƙarewa, lokacin da kowa ke shirin noman rani, lokacin cinikina ke nan na shekara. Rannan wani dattijo da ya daɗe yana saye a wajena ya zo ɗaukar inji, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ko za a ɗan tayar mu ji?" A ranar na ɗaure buhun Malam Habu na nemi mota. Na ce ko dai Tanimu ya cuce ni in ji daga bakinsa, ko kuwa akwai abin da ba mu sani ba.

Motar albasa na samu mai zuwa Ikom, za ta dawo da goro. Direban, Sale, mutum ne mai son hira, amma kaset ɗaya gare shi, kuma ya maƙale a cikin rediyon motar ba ya fita. Kafin mu wuce Akwanga na haddace shi. Injin yana ƙarƙashin ƙafata, dogon ƙarfensa da sarƙa ke gudu a kai, wanda mu muka sa wa suna takobi, ya fasa buhu ya leƙo. Duk inda aka tsayar da mu sai an ce in sauko in buɗe, don daga nesa kamar bindiga yake. Daga baya na gaji na cire shi daga buhun na rungume shi a cinya kamar jinjiri, kowa ya gani.

A bayan Gboko taya ta fashe, muka yini a bakin hanya. Nan na ci gasasshiyar doya da manja a wajen wata mata 'yar Tibi, mai jiki, mai dariya, tana jin Hausa sosai. Ta nuna injin da wuƙarta ta ce na wane ne. Na ce na wani Bafulatani ne.

"Na Fulani?" Ta tafa hannu. "To bar shi a nan, Alhaji, mu ajiye masa. Ai mun iya yi musu ajiya. Ka tambaye shi shanun da kakansa ya bar mana."

Na ce wannan ko an yanka ba nama. Ta ce ba komai, su ba sa raina kayan Fulani. Ta ƙara mini gutsuren doya ta ce in kai masa. A hanya na cinye, amma na isar da saƙon.

Daga Ogoja ƙasa ta canja. A Ikom na sauka a unguwar Hausawa, a zauren da fataken goro ke kwana. Mutanen kirki ne, sun karɓe ni kamar sun san ni. Amma laima! Tabarma jiƙe, bango jiƙe, ashana ba ta kamawa, hular da na rataye ta wayi gari da wari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ga magidanta da fartanya suna haƙa hanya don ruwa ya fita daga gonakinsu. Na tsaya ina kallo. Mu a nan a kan layin ruwa maƙwabci ke daina gaida maƙwabci, su kuwa korarsa suke yi kamar akuya ta shiga gona. Na gaya wa wani tsoho sana'ata, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce wato ina sayar da injin da ke kawo ruwa gona, kuma mutane na saye? Na ce har rububi ake yi. Ya kira matarsa ta zo ta gan ni.

Fataken ne suka shirya mini takardar wucewa, ɗayansu ya raka ni bakin iyaka. Gada ce siririya a rataye a kan wani kogi mai zurfi, in mota ta hau sai ka ji tana motsi. Na bi tsakiya ban dubi hagu ko dama ba. A ɗaya gefen wani jami'i ya tare ni, ya ce irin wannan inji ba ya shiga sai da izini, saboda masu ɓarnar daji. Gaskiyarsa ce. Na ce ranka ya daɗe, wannan ba ya ɓarnar komai, asibiti zan kai shi. Bai yarda ba. Ya cire hula, ya taka injin da ƙafa, ya fizgi igiya. Shiru. Ya sake. Ya yi ta ja har rigarsa ta jiƙe, abokan aikinsa suna masa kirari da Faransanci. Da ya gaji ya miƙe yana haki, ya yi wata magana, kowa ya fashe da dariya. Ɗan rakiyata ya ce wai cewa ya yi in wuce, kuma yana yi mini ta'aziyya.

Hanyar Mamfe ba zan ce mata hanya ba. Ƙaramar mota muka shiga, an cusa mu har direba yana raba kujera da fasinja, yana miƙa hannu ta kan cinyar mutum yana sa giya. Taɓo kuwa wani wurin ya kai ƙugu. In an kafe kowa ya fito ya tura, ba babba ba yaro. Takalmina ɗaya yana can har yau. Wata mata ta ba ni silifas ɗin mijinta, ta miƙo mini hannu mu gaisa, na rasa yadda zan yi, na dafe ƙirji na rusuna. Ta ɗauka ciwon ƙirji gare ni, ta shiga neman magani a jaka.

A wannan hanya na fara ganin aikin injin da idona. Wata bishiya ta faɗo ta tare hanya, kaurinta ya fi tsayina. Na ce yau a nan za mu kwana. Sai ga wani mutum ya fito daga ƙauye da inji irin wanda ke cinyata sak, har ya fi shi tsufa, fentinsa duk ya goge. Ja ɗaya ya tashi. Kafin in gama alwala ya fitar da gibin da mota za ta wuce. Na je na ɗebi abin da injin ke zubarwa na duba, manya manyan ɓarzaje ne kamar an fere rogo. Na Malam Habu kuwa, tun yana da rai, gari yake fitarwa kamar na tuwo. Na zuba ɗan kaɗan a aljihu.

Na isa gidan Tanimu da maganganun da na yi ta shiryawa tun daga Zariya. Ya fito ya gan ni, taɓo har gemu, silifas ɗin wani a ƙafa, ya riƙe ciki yana dariya.

"Kai! Bakano, wa ya sake ka ka taho har nan ba ubangidanka? Shigo, bawana, shigo."

"Tanimu, ba wasa ya kawo ni ba. Ga gawar da ka aiko mini."

Ya dubi buhun, ya dube ni, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wallahi da hannuna na yanka itace da shi ranar da na sa shi a mota. Amma ba zan ce ka yarda da ni ba. Gobe mu je wajen mai abin. Yanzu ka yi wanka, kana tsorata mini yara."

Abincin da aka kawo wani ganyen daji ne da aka yanka siriri kamar gashi, ya sha manja da busasshen kifi da ganda, ana ci da tuwon rogo mai tsami. Loma ta farko na ce ba zan iya ba. Ban san lokacin da na suɗe kwano ba. Dodon koɗi ne dai na ce a ɗauke, ko da Tanimu ya yi ta rantsuwa ya fi kaza. Na ce Bazazzage in ya daɗe a daji komai ma ci yake yi. Maƙwabcinsa kuma kabarin mahaifinsa a ƙofar ɗaki yake, an yi masa siminti, yara na zaune a kai suna ɓare gyaɗa. Na tambaya ba sa jin tsoro? Aka ce tsoron me, ai kakansu ne.

Mai gyaran, Pa Tabi ake ce masa, dattijo ne gajere mai yatsu tara. Rumfarsa tana kusa da kogi, injuna a rataye kamar naman layya. Turancin buroka yake yi, Tanimu na juya mini da Hausa. Ya gane injin tun daga nesa, ya ce ta hannunsa ya bi kafin a sayar. Bai ja igiya ba. Ya cire fulogi ya shinshina, ya kwance kan injin, ya zaro fistin ya kai shi haske yana juyawa.

Ya ce in duba. In rashin man inji a cikin fetur ne ya kashe shi, gefen da hayaƙi ke fita ne zai ƙone. To wannan gefen lafiya lau, mai injin yana haɗa mai yadda ya kamata. Gefen da iska ke shiga ne ya cinye, ya yi laushi kamar an goge shi da yashi. Ya ce wannan inji ƙasa ya sha. Sannan ya buɗe murfin sama, ya tsaya, ya sa yatsa a wani fili da ba komai, ya dube ni.

"Yana tambaya ina ragar," in ji Tanimu.

"Wace raga?"

Pa Tabi ya miƙa hannu ya cire ta daga wani injin ya nuna mini. 'Yar raga ce mai laushin ido, faɗin tafin hannu, ita ke tace iska kafin ta shiga kafireto.

Na zauna a kan kututture. Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, har da hawaye, su biyun suna kallona. Wanda ba ɗan wajenmu ba ba zai gane ba. A Kura da Bunkure, duk wanda ya sayi sabon injin ban ruwa, abin da zai fara yi kafin ya kai shi bakin ruwa shi ne ya buɗe ya cire soson iska ya jefar. Wai yana shaƙe inji, yana hana shi jan ruwa da ƙarfi. Uba ya koya wa ɗa, maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Injin ban ruwa kuwa yana zaune a kan danshi, sai ya daɗe bai nuna ba, in ya gaji a ce ƙarfensa ne ba kyau. Makanikanmu ma ba su taɓa ganin cikin irin wannan da ragarsa ba, ina za su san an cire wani abu? Malam Habu gata ya yi wa injinsa irin na gida, sannan ya shiga da shi cikin garin itace da rairayi.

Da na ba da labarin Tanimu ya juya wa Pa Tabi, tsohon ya kama kai da hannu biyu, ya ce a tambaye ni ko mu ma muna cire gashin hancinmu don mu fi shan iska.

"Ka ga ni ko?" in ji Tanimu. "Kanawa ku kashe abu da hannunku, ku hau mota ku zo ku tuhumi iyayen gidanku."

Na bar shi ya ci wannan. Nauyin da na sauke a wannan rumfa ya isa a yi mini duk tsiyar da aka ga dama.

Sai da aka aika garin Kumba aka kawo fistin da ringi da silinda, don haka na yi 'yan kwanaki. Ban zauna a gida ba. Kullum ina rumfar Pa Tabi, wata rana kuma na bi masu yankan katako daji. Can na ga matan da ake tambayata, kuma gaskiya ne, katako mai tsawon ɗaki a ka, goyo a baya, suna hawa tudu suna hira. Abin da na fi lura da shi dai shi ne yadda mazan ke riƙon inji. Kamar yadda Bafulatani ke riƙon saniya. Duk sanda aka ƙara mai sai a zauna a wasa sarƙa, ba da faffaɗan magagari irin na lauje ba, da wani siriri mulmulalle, haƙori bayan haƙori, kowanne a karkace iri ɗaya, turawa kawai ake yi ba a dawowa da shi. Ba sa bari sarƙa ta taɓa ƙasa, in gindin bishiya da yashi sai an kankare. Ba a ɗaure sarƙa da zafi, sai ta huce, kuma a ja ta da yatsa ta ɗan ɗago ta koma. Da yamma a cire takobi a sakace kwarinsa da tsinke, a juya shi ɗaya gefen don kada ya ci gefe guda, a wanke raga da ruwan sabulu a shanya. Na fito da ɓarzajen da na zuba a aljihu na nuna wa Pa Tabi, ya ce shi ke nan duk karatun: in ka ga gari, tsaya ka wasa, kada ka danna.

Man inji kuwa da ƙaramin gwangwanin tumatir suke auna shi su zuba a fetur su girgiza. Na ɗauki gwangwanin na duba, daga ƙetare aka kawo shi. Na ce musu a garinmu tumatir ruɓewa yake yi a kwando a bakin titi in mota ba ta zo ba. Ba wanda ya yarda.

Ranar da aka haɗa injin, Pa Tabi ya miƙo mini igiya ya ce ni zan ja. Ja na biyu ya ɗauka, ƙararsa ta cika rumfar. Na kashe na sake tayarwa, na kashe na sake, har ya ƙwace abinsa ya ce fetur ba ruwan kogi ba ne. Kafin in taho na cika jaka da raga da magagari da sarƙa, don na ga abin da shagona ya rasa. A bakin iyaka na sake samun jami'in nan. Wannan karon da takardata, Tanimu ya nema mini. Ya ce a tayar ya gani, na tayar, ya sara mini.

Da na dawo ban kira kowa ba, na tafi gidan Malam Habu ni kaɗai. Muka zauna a gindin rumbu na nuna masa komai, har na zo kan raga. Ya sunkuyar da kai. Na ce maganar ta tsaya tsakaninmu, mutane su ga inji yana aiki ya wadatar. Dattijo ne, ba zan tsinka shi a gari don in wanke kaina ba.

Ranar kasuwar Bunkure ya ce in zo, zai sare wata busasshiyar darbejiya da ta karkato kan hanyar ruwa. Jama'a suka taru kamar ana dambe. Ya tayar, ya kafa takobi, ɓarzaje suka yi ta tashi, bishiya ta kwanta inda ya nufa. Ana cikin sowa sai na ji wani daga baya yana cewa, da ƙarfi don in ji, "Ai sabo ya je ya sayo ya sa a tsohon buhu. Ɗan kasuwa ne, ya san yadda zai rufe abinsa." Wasu suka ce haka ne. Duk taɓon nan da na sha a banza ke nan.

Malam Habu ya kashe injin. Ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya fito da wani abu ya ɗaga sama. Tsohuwar ragar ce, ta yi fari fat.

"Jama'a, injin nan shi ne dai na da, ga inda na ɗaure masa laya. Wannan kuma ni na cire ta da hannuna ranar da na saya, yadda kowa ke yi wa injin ruwansa. Ita ce numfashinsa ashe. Tun ranar uwargida ke tace madara da ita." Ya juya ya dubi taron. "Wanda bai taɓa cire ta injinsa ba a cikinku, ya ɗaga hannu in gan shi."

Ba hannun da ya tashi. Sai wani ya tuntsire da dariya, sai kowa ya ɗauka, har mai maganar sabon inji. Ana cikin haka wani manomi ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Alhaji, soson nan na injin ruwa, ana samunsa a shagonka kuwa?"

Na ce ya zo jibi. A daren ba ni da ko ɗaya, amma washegari da sassafe ina Kano.

Da za mu rabu na ce wa Malam Habu ya kawo tsohuwar ragar a wanke a ajiye, wata rana za ta yi amfani. Ya mayar da ita aljihu da sauri.

"A'a, Alhaji. Aro na yi. An ce in dawo da ita kafin tatsar yamma."